Wa Ya Faɗa? Nasiha Ga Ƙannena Masu Karatun Shekisfiya

Ina aji huɗu a sakandare aka saka ni muhawara. Batun shi ne, tsakanin dukiya da mutunci wanne ya fi. Ɓangaren mutunci aka ba ni, na kuwa shiga fili da makamin da na tabbata babu mai karya shi, wato wasu layuka na Turanci da na tsinta a bangon wani littafin rubutu, an sa sunan Shekisfiya a ƙarƙashinsu. Manufarsu dai ita ce, ɓarawon aljihu bai yi maka ɓarna ba idan aka gwada shi da wanda ya ɓata maka suna. Na haddace su tsaf, na miƙe na zuba ina kaɗa yatsa. Ɗalibai suka ɗau tafi, aka ba mu nasara.

Da aka watse, malaminmu na adabi, wani dattijo da ba ya rabuwa da goro, ya yafito ni gindin darbejiya.

"Kai, maganar nan da ka kawo, wa ya faɗe ta?"

Na ce, "Shekisfiya, Malam."

Ya ce, "Shi ya rubuta. Na ce wa ya faɗa?"

Na yi tsuru-tsuru. Ya miƙo mini littafinsa na Othello wanda bangonsa ya rabu, ya ce in kawo masa amsa ranar Litinin.

Iago ne ya faɗa, macijin ƙaiƙayin da ba a taɓa rubuta kamarsa ba. Yana wannan wa'azi a kan darajar suna ne a daidai lokacin da yake shafa wa matar ubangidansa kashin kaji. Kuma kafin nan da ɗan kaɗan, shi dai wannan Iago ya ɗura wa wani hafsa mai suna Cassio giya har ya yi faɗa aka tuɓe shi daga muƙaminsa. Da Cassio ya zauna yana kukan mutuncinsa ya zube, sai Iago ya lallashe shi da cewa ai suna aikin banza ne, mutum kan same shi bai cancanta ba, ya rasa shi bai yi laifi ba. Baki ɗaya, fatawa biyu, kowacce an ɗinka ta daidai wuyan mai saurare. Batun raina aljihu kuwa, ai tun farkon wasan yake tatsar kuɗin wani sakarai mai suna Roderigo.

Kunyar da na ji ran nan ita ce mafarin karatuna na gaskiya, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami yau. Ƙannena, na ga kuna tura wa juna hotuna a Facebook da WhatsApp, fuskar Bature mai sanƙo a gefe guda, magana mai daɗi a ɗaya gefen. Ban ce maganganun ba su da kyau ba. Amma tsofaffin wasannin kwaikwayo da waƙoƙin Ingila ba buhun karin magana ba ne da za ka zura hannu ka ɗebo. Hikimarsu tana cikin yadda suke nuna maka mai magana, da wanda yake yi wa, da abin da yake so ya ci da ita. Wanda ya ciro layi ya bar mai layin, ya ɗauki kube ya bar wuƙa.

Akwai dalilin da ya sa magana ta zama jarin waɗannan wasanni. An haifi Shekisfiya a 1564 a wani ƙaramin gari, Stratford, mahaifinsa mai ɗinka safar hannu ta fata. A Landan ya yi sana'arsa, kuma gidan wasan da ƙungiyarsu ta gina a 1599, Globe, tsakiyarsa babu rufi. Da rana tsaka ake wasa. Babu fitilu, babu wani kayan ado na a zo a gani, mata ma ba sa hawa dandali, yara maza ke sa kayan mata. Talaka ya biya kwabo ɗaya ya tsaya a ƙasa, mai hali ya ƙara kuɗi ya zauna a benci. Idan ana son dare ya yi, sai wani ɗan wasa ya faɗa da baki cewa dare ya yi. Idan ana son teku, da baki za a malalo ta. Marubucin da zai riƙe leburori da mahauta da 'ya'yan sarauta a tsaye awa biyu ko uku da fatar baki kawai, dole ya san yadda magana ke shiga mutum. Shi ya sa har yau wasanninsa suka zama makarantar kunne.

Ku ɗauki Polonius na cikin Hamlet, babban bafaden sarkin Danmak. Ɗansa zai tafi Faransa, ya tsayar da shi ya jero masa nasihohi: kan abota, kan tufafi, kan bashi, kan riƙon gaskiya. Waɗannan nasihohi sun fi kowane sashe na wasan yawo a kalanda da katin yaye ɗalibai. To me ya biyo baya? Yaro bai daɗe da tafiya ba uban ya tura baransa Paris ya yi masa leƙen asiri, har yana koya wa baran yadda zai riƙa jefa ƙananan ƙarairayi a kan ɗan nasa don ya ji abin da mutane za su ce. Shi ne kuma wanda ya tsaya gaban sarki da sarauniya yana yabon taƙaita magana, ya yi ta jan zance har sarauniya ta gaji ta katse shi. Ƙarshensa, laɓe ya yi a bayan labule yana sauraron hirar uwa da ɗanta, takobi ya same shi a can. Nasiharsa ba ƙarya ba ce, kuna iya aiki da ita. Abin dariyar da abin tausayin shi ne mai ita bai amfana da ita ba. Ni da nake rubuta muku nasiha yanzu, ina tuna Polonius sai in ji gabana ya ɗan faɗi.

Mu Hausawa mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Sarki Duncan na cikin Macbeth ya musa wannan. Ana ba shi labarin yadda aka kashe wani hakiminsa da ya ci amanarsa, sai ya ce babu wata dabara ta gane zuciyar mutum daga fuskarsa, ga shi ya amince da wancan ya cuce shi. Bai rufe baki ba Macbeth ya shigo, sarki ya tarbe shi hannu biyu-biyu, ga shi kuma ya riga ya ba shi sarautar wancan maci amanar. Macbeth ɗin ne zai yanka shi a gidansa yana barci. Marubucin bai ce uffan ba, ƙofa kawai ya buɗe a lokacin da ya dace. Wanda ya haddace maganar Duncan bai ga wanda ya shigo ba, bai karanta komai ba.

Inda nake so ku fi daɗewa shi ne Julius Caesar, domin a nan ne abin ya bar ɗakin mutum ɗaya ya fita kasuwa. An kashe Kaisar a majalisar Rum, jama'a sun taru suna neman bayani. Brutus, jagoran makasan, ya hau mumbari ya yi magana gajera, a tsare, da hujja: ya ce yana son Kaisar amma ya fi son Rum, kuma Kaisar na neman mayar da su bayi. Jama'a suka gamsu, har wani ya ɗaga murya ya ce a naɗa Brutus ya zama Kaisar. Ku lura da wannan: mutumin ya gama bayanin dalilin da ya sa bai kamata a yi Kaisar ba, masu tafa masa ba su ji ko kalma ɗaya ba. Sai Brutus ya yi wautar da ta kashe shi, ya tafi gida ya bar wa Antony, aminin mamaci, taron.

Antony bai zagi kowa ba. Ya ma fara da nuna cewa ba yabo ya kawo shi ba, jana'iza ce. Yana ambaton alherin Kaisar ɗaya bayan ɗaya, bayan kowanne sai ya ƙara da cewa amma fa Brutus ya ce ba haka ba, Brutus kuwa mutumin kirki ne. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, har kalmar kirki ta yi tsami a kunnen mutane ta koma zagi. Ya tsaya ya yi kuka. Ya zaro wasiyyar Kaisar ya nuna, ya ce ba zai karanta ba don kada ransu ya ɓaci, su kuwa suka hau roƙo sai ya karanta. Ya sauko daga mumbari, ya sa suka kewaye gawa, ya ɗaga alkyabbar mamaci yana nuna hudojin wuƙa ɗaya-ɗaya da sunan wanda ya soka. Ya ce shi ba gwanin magana ba ne kamar Brutus. Sai a ƙarshe ya buɗe wasiyya: kowane ɗan gari an bar masa tsabar azurfa 75, da lambunan Kaisar su zama na kowa. Taron da ɗazu yake sa wa Brutus albarka ya ɗauki wuta ya nufi gidansa.

Ɗalibai da yawa nan suke tsayawa, saboda nan jarrabawa ta fi tambaya. Ku wuce shafi biyu. Taron ya ci karo da wani mawaƙi mai suna Cinna yana tafiyarsa. Akwai wani Cinna cikin makasan. Bawan Allah yana ihu shi mawaƙi ne, ba shi ne wancan ba, wani ya ce to a kashe shi saboda waƙoƙinsa marasa daɗi, suka yayyaga shi. Fitowa ta gaba kuma, ga Antony zaune da abokan mulkinsa biyu suna jera sunayen waɗanda za a kashe, har da ɗan 'yar'uwarsa, sannan ya aika a ɗauko wasiyyar nan don a san yadda za a rage abin da aka yi wa talakawa alkawari. An rubuta wannan fiye da shekara 400 da suka wuce, a kan abin da ya faru shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kamfe, ko ya ga yadda saƙon murya ɗaya ke tayar da unguwa kafin a tambayi wa ya aiko shi, ba ya bukatar in yi masa fassara.

To gaskiya fa, a bakin wa suke sa ta? Sau da yawa a bakin wanda ba a ɗauka da daraja ba. Sarki Lear ya haura tamanin, ya ce zai raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa mata uku, amma kowacce sai ta faɗi irin son da take yi masa. Manyan biyu suka zuba fadanci kamar maroƙa. Autar, Cordelia, ta ce tana son sa daidai yadda ya wajaba 'ya ta so uba, ba za ta ƙara gishiri ba. Ya kore ta ba ko anini. Bafaden da ya ce masa ranka ya daɗe ka yi kuskure, shi ma ya kore shi. Ba a jima ba manyan biyu suka fara yanke masa dakaru ɗari da ya ajiye wa kansa, a ce hamsin, a ce ashirin da biyar, har aka tambaye shi me zai yi da ko guda. Ya kwana a daji cikin hadari. Mutum ɗaya ya rage da ke iya gaya masa gaskiya ido da ido bai rasa kansa ba, shi ne wawan sarki. Mu ba baƙi ba ne ga wannan, fadojinmu sun san wawan sarki, sun san abin da aka yarda ya faɗa wanda waziri ba ya iyawa. Na Lear da ba'a da waƙe-waƙe yake tuna wa ubangidansa cewa tsakaninsu biyu ba a san wanda ya fi wauta ba.

Wani abin dariya, a 1681 wani marubuci, Nahum Tate, ya ga wasan ya cika ɗaci, ya gyara shi: ya cire wawan gaba ɗaya, ya raya Cordelia ya yi mata aure. Kusan shekara 150 Turawan Ingila wannan gyararren suke kallo. Sai a 1838 aka maido da wawa dandali. Ashe su ma ba kullum suke jure gaskiya ba.

Kada ku ɗauka Shekisfiya ne ya fara wannan salo. Kusan shekara 200 kafinsa an yi Chaucer, wanda ya daɗe yana aikin kwastan a tashar jiragen ruwa ta Landan, ya rasu a 1400. A littafinsa na waƙa, Canterbury Tales, matafiya wajen talatin ne za su ziyarar wani kabari mai daraja a wurinsu, suka shirya kowa ya ba da labari don rage hanya. Cikinsu akwai wani mai sayar da takardun yafe zunubi, sana'ar da ta yi kasuwa a cocin wancan zamani. Jakarsa cike da ƙasusuwan alade da yake cewa na waliyyai ne. Da bakinsa ya gaya wa abokan tafiya cewa wa'azinsa kullum a kan sharrin kwaɗayi ne, kuma kwaɗayin ne ke sa shi yin wa'azin. Sannan ya kawo labarinsa. Wasu samari uku mashaya sun ji an wuce da gawar abokinsu, suka yi rantsuwa sai sun nemo Mutuwa sun kashe ta. Wani tsoho ya nuna musu gindin wata itaciya, ya ce can ya bar ta. Suka je suka tarar da tarin zinariya. Aka aiki ƙaraminsu gari ya sayo abinci da abin sha kafin dare ya yi su kwashe. Yana tafiya biyun suka ƙulla su soke shi idan ya dawo, shi kuma ya biya ta wurin mai magani ya sayi guba ya zuba a kwalabe biyu. Ya dawo suka kashe shi, suka zauna shan murna. Sun kuwa sami wadda suka fita nema.

Labarin ya girmi Chaucer, ya daɗe yana yawo a ƙasashen Gabas, wataƙila kun taɓa jin irinsa a bakin malamai. Abin da Chaucer ya ƙara shi ne bakin da ya sa shi. Mai wa'azin yana gamawa, zukata sun yi laushi, sai ya buɗe jaka ya ce wa mutanen da ya gama tona wa asirin kansa su matso su sayi gafara. Wa'azi na ƙwarai, mai wa'azi ɗan damfara, kuma dukansu biyu gaskiya ne a lokaci guda.

Waƙoƙin da suka zo daga baya ma haka. Robert Browning yana da wata gajerar waƙa ta 1842, My Last Duchess. Wani basaraken Italiya ne ke nuna wa baƙonsa hoton matarsa da ta rasu, cikin ladabi da sanyin murya. Yana yabon mai zane, yana ɗan ƙorafin cewa marigayiyar ta cika fara'a ga kowa. Sai a hankali mai karatu ya gane shi ya sa aka kawar da ita, baƙon kuma ɗan aiken gidan da yake neman sabon aure ne. Mawaƙin bai tsoma baki ko sau ɗaya ba, ya bar baki ya yanka wuya. Shelley kuma a 1818 ya yi waƙar wani rusasshen gunki a hamadar Masar, kirarin sarkin na nan a rubuce a gindinsa yana ƙalubalantar sarakunan duniya, kewaye da shi babu komai sai rairayi. John Milton, wanda ya makance ya riƙa shibta baitoci ana rubuta masa, kamar yadda namu Aliyu Namangi na Zariya ya yi Imfiraji ba da ido ba, ya fitar da Paradise Lost a 1667. A cikinta jawaban da suka fi ƙayatarwa na Iblis ne, har wasu masu karatu suka ruɗe suka ɗauke shi gwarzon littafin. Ni a ganina da gangan Milton ya yi. Da Iblis ba shi da daɗin baki, wa zai bi shi?

Ba na ce ku haɗiye littattafan nan da ƙaya ba. Ta hanyar makarantar 'yan mulkin mallaka suka iso mana, an kuma daɗe ana nuna mana su kamar babu adabi sai su, wanda ƙarya ne. Akwai batsa a cikinsu, akwai raina mata a wasu wurare, kuma The Merchant of Venice cike yake da ƙiyayyar da Turawan zamanin ke yi wa Yahudawa. Tambayar da malamina ya yi mini ta hau kan marubutan su ma: wa ya rubuta, don wa, a wane zamani? Amma wanda ya ƙi karatu don fushi da Bature, kansa ya yi wa. Julius Nyerere, da ya jagoranci ƙasarsa ta rabu da mulkin Ingila, shi da kansa ya zauna ya mayar da Julius Caesar harshen Swahili, aka buga a 1963 yana kan kujerar shugabanci. A kurkukun tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, fursunonin siyasa sun riƙa zagayawa da kundin Shekisfiya guda ɗaya, kowa na sa hannu a gefen wurin da ya fi so. Nelson Mandela a wasan Kaisar ya sa nasa, a watan Disamba na 1977.

Turancinsu da wuya, ban ɓoye muku ba. Yaran Ingila ma sai da bayani a gefen shafi suke gane shi, don haka ku nemi bugun da ke da irin wannan bayani. Wanda ya ga abin ya yi masa nauyi ya fara da Tales from Shakespeare na Charles da Mary Lamb, ƙane da yayarsa ne da suka zuba labarin wasanni 20 a sauƙaƙe tun 1807. Idan ka san labari, baitoci ba za su ba ka tsoro ba. Sannan kada ku karanta a zuci kamar takardar gwajin asibiti, don kunne aka yi su. Ku haɗu ku huɗu ko biyar bayan la'asar, ku raba sunaye, wannan Brutus, wannan Antony, sauran su zama 'yan gari. Julius Caesar gajere ne, zama uku ya ishe ku. Duk inda wani ya yi magana mai daɗi, ku dakata ku tambayi juna me yake nema, kuma me ya aikata a shafi na gaba.

Waɗanda Allah ya ba harsunan biyu a cikinku, ga aiki nan yana jira. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna hanya da Daren Sha Biyu, inda ya mayar da Twelfth Night Hausa. Wasanni 36 abokan Shekisfiya biyu suka tattara suka buga a 1623, shekara bakwai bayan rasuwarsa, kuma ba don su ba da kusan rabi sun ɓace, har da Macbeth da Julius Caesar. Ina so kafin ƙasa ta rufe mini ido in ji Antony yana jawabin jana'izar nan da Hausa a dandalin wata makaranta, ƙannenku na zaune suna saurare. Wani cikinku ya ɗauki fitowa ɗaya tak, ta mawaƙi Cinna, shafi guda ce, ya fara da ita a wannan hutun.